Wa ke gaya wa ƙwayar asali abin da za ta zama?

Tambayar ta zo ne daga wata malamar kimiyya da ke koyarwa a sakandaren 'yan mata a Daura. Ɗan yayarta mai shekara bakwai yana fama da sikila, sai aka kawo musu wani gari mai tsada a ƙananan leda, wai sitem sel ne, in ya sha zai shiga jikinsa ya sabunta masa jini. Ta ce: "Malam, ni da kaina nake koya wa ɗalibai cewa waɗannan ƙwayoyi suna iya zama kowace irin ƙwaya a jiki. To yaya suke sanin abin da za su zama? In kuwa suna iyawa, me zai hana wannan garin ya yi aiki?"

Malama, Allah Ya ba yaron lafiya, Ya ƙara wa yayarki haƙuri, domin wanda bai taɓa kwana a gefen gadon mai sikila ba bai san abin da take gani ba. Zan fara da ƙarshen tambayarki tunda akwai lafiya da kuɗi a ciki: kada su sayi garin nan, in kuma sun riga sun saya, kada ya sa a dakatar da ko magani ɗaya na asibiti. Dalilin yana cikin amsar tambayarki ta farko, sai ki ɗan ba ni lokaci.

Ƙwayar asali, wato sitem sel, ba ta san komai da kanta ba, gaya mata ake yi. A jikin mutum akwai nau'o'in ƙwayoyin halitta sama da 200, kuma kusan dukkansu DNA iri ɗaya suke ɗauke da shi, mai umarnan gado kimanin 20,000 na ƙera furotin. Ƙwayar da ke cikin ƙwaƙwalwarki tana ɗauke da umarnin yin insulin, ba ta dai taɓa buɗe shi ba. Abin da ya raba ƙwayar hanta da ta fata shi ne wane umarni aka kunna, wane aka rufe. Masu kunnawar kuwa saƙonni ne da ke zuwa daga waje, mafi yawa daga maƙwabta na kusa, wasu daga gaɓoɓi masu nisa ta cikin jini. Akasarin saƙonnin furotin ne. Kowane yana da makarɓarsa a jikin fatar ƙwaya, in ya manne da ita sai labari ya bi hannu-hannu har cibiyar ƙwaya inda DNA yake. Ƙwayar da ba ta da makarɓar wani saƙo, ko an yi mata wanka da shi ba za ta ji ba.

Mu ɗauki jini, tunda shi ne ya dame ku. A cikin ɓargo akwai ƙwayoyin asali na jini, 'yan ƙalilan, kuma galibinsu a kwance suke, ba sa rabuwa sai jifa-jifa. Ba ko'ina suke zama ba. Suna lafewa ne kusa da ƙananan hanyoyin jini na ɓargo, inda wasu ƙwayoyi ke fitar musu da saƙonni biyu, SCF da CXCL12, waɗanda ke riƙe su a wurin, suna kuma raya su. James Till da Ernest McCulloch ne suka fara nuna samuwarsu a jikin ɓeraye a Toronto a 1961. Daga waɗannan 'yan kaɗan jikin baligi ke fitar da jajayen ƙwayoyin jini kusan miliyan 2 a kowace daƙiƙa. Wa ke ƙayyade adadin? Ƙoda. Idan iskar oksijin ta yi ƙasa a jini, ƙoda ta ji, sai ta saki wani saƙo mai suna EPO. Ya bi jini har ɓargo, ya manne da makarɓarsa a jikin ƙwayoyin da suka riga suka kama hanyar zama jajaye. Daga ciki wani furotin, JAK2, ya farka, ya tayar da STAT5, shi kuma ya shige cibiya ya kunna umarnin da ke hana ƙwayar mutuwa. Ki lura da wannan, don ɗalibai kan rasa shi: EPO ba ya zuwa wurin uwar ya ce mata ta zama ja. Jikokinta yake ceta, waɗanda da babu shi da yawansu za su mutu kafin su nuna. Wani saƙon umarni ne, wani kuma izinin rayuwa ne kawai.

Shi ya sa masu ciwon ƙoda da ke zuwa wankin ƙoda a Katsina jininsu kullum a ƙasa yake ko da suna cin abinci mai kyau, har sai an haɗa musu da allurar EPO. Ɓargonsu lafiya lau, mai aiko da saƙon ne ya gaza. Akwai kuma akasin haka: a 2005 aka gano cewa a wata cuta da jini ke yin yawa har ya yi kauri, JAK2 ne ya maƙale a kunne, yana ta isar da saƙon da babu wanda ya aiko.

A cikin mahaifa ne abin ya fi ban mamaki. Kwana biyar zuwa shida bayan haɗuwar maniyyi da ƙwai, tayin ɗan ƙwallo ne da ido ba ya iya tantancewa, a cikinsa akwai tarin ƙwayoyin da kowacce za ta iya zama komai na jiki. A mako na uku suke rabuwa gida uku: na waje ya ba da fata da ƙwaƙwalwa, na tsakiya ya ba da tsoka da ƙashi da zuciya da jini, na ciki ya ba da hanji da hanta da huhu. Mutum zai zaci saƙonni dubbai ke wannan aiki. Ga mamakin masana, dangi ne kaɗan ke ta maimaituwa: Wnt, BMP, Nodal da ɗan'uwansa Aktibin, FGF, Noch, Hejhog, da wani sinadari da jiki ke yi daga bitamin A. Su ne a kwaɗo, su ne a kaza, su ne a mutum. Tun 1924 Hans Spemann da ɗalibarsa Hilde Mangold a Jamus suka yanko ɗan yanki daga tayin salamanda, wata halitta dangin kwaɗo, suka dasa a gefen cikin wani tayin, sai ga jiki na biyu ya fito da lakarsa. Mafi yawan wannan jiki na biyu daga ƙwayoyin mai masauki ya samu, ɗan yankin umarni kawai ya bayar. Sai bayan kusan shekara 70 aka gane cewa babban aikinsa toshe saƙon BMP ne, kuma duk inda aka toshe shi, ƙwayoyin da za su zama fata sai su zama jijiyoyi. Wato rashin saƙo ma saƙo ne.

To yaya saƙonni kaɗan ke fitar da nau'o'i sama da 200? Abu na farko yawan saƙon da tsawon lokacin da ƙwaya ta yi tana jin sa. Ki tuna marina: baba ɗaya ne a karofi, amma zanen da aka tsoma sau ɗaya aka cire shuɗi mai haske yake fitowa, wanda aka yi ta tsomawa ana shanyawa kuwa sai ya kusa zama baƙi. Haka Hejhog yake yi a lakar ɗan tayi. Daga ƙasan laka yake fitowa, yana raguwa yayin da ake yin sama. Ƙwayoyin da ke dab da tushen suna shan sa da yawa su zama nau'i guda, na gaba kaɗan su zama jijiyoyin da ke motsa tsoka, na can nesa su zama wani abu daban. A hannu ma shi ne, daga ɓangaren ƙaramin yatsa yake fitowa. A 1968 John Saunders da Mary Gasseling suka ɗauko wannan yanki daga tohon fiffiken ɗan tsako tun yana cikin ƙwai suka dasa a ɗaya gefen, sai yatsu suka fito ninki biyu, suna kallon juna kamar a madubi. Wasu nau'o'in cindo da muke gani a gidajenmu daga ɗan canji a wannan hanya ta Hejhog suke samuwa.

Makiyaya za su fi kowa gane abin da ya faru a jihar Idaho ta Amurka a shekarun 1950. Tumaki suka riƙa haifar 'ya'ya masu ido ɗaya a tsakiyar goshi. Da aka bi diddigi, sai aka tarar wata ciyawa ce a kan tsauni, kuma sai tunkiya ta ci ta a wajen kwana na 14 da ɗaukar ciki abin ke faruwa. Sinadarin cikinta Hejhog yake toshewa, daidai ranar da ake buƙatarsa don raba wurin ido gida biyu. Saboda irin wannan muke dagewa mace mai ciki, ko mai neman ciki, kada ta sha magani ko sassaƙe ba da sanin likita ba. Zuciyar ɗan tayi kan fara bugawa a wajen kwana na 22, laka ta rufe a wajen kwana na 28, lokacin da mata da yawa ba su ma tabbatar sun yi ɓatan wata ba.

Abu na biyu, wanda ni a ganina ya fi muhimmanci, shi ne jeri: me ya zo kafin me. Saƙo ɗaya yana iya nufin abu biyu masu karo da juna, ya danganta da abin da ƙwayar ta riga ta ji. A ɗakin bincike, idan ana so a mayar da ƙwayoyin asali na mutum tsokar zuciya, hanyar da wasu masana a Wisconsin suka bayyana a 2012 ita aka fi bi. Ranar farko a kunna Wnt da ƙarfi, don ƙwayoyin su kama hanyar gidan tsakiya. A kwana na uku kuma a zuba abin da zai kashe wannan Wnt ɗin dai. In aka bar shi a kunne ba za a sami zuciya ba, in aka kashe shi tun farko ma ba za a samu ba. Har insulin ana cirewa daga ruwan da ake ciyar da su a kwanakin farko, don yana karkatar da su. Na yi wannan aiki lokacin da nake karatu a waje. Farantin roba ne mai ramuka, da ruwa ja-ja a ciki, a akwatin da ke riƙe zafi a digiri 37. Kwanakin farko ƙwayoyi da yawa ke mutuwa su taso saman ruwa, har mutum ya ɗauka aikin ya lalace. Bayan mako guda da 'yan kwanaki sai ka sa ido a madubin ƙara girma ka ga wani ɗan gefe yana motsi. Washegari motsin ya yaɗu, shimfiɗar duka tana ɗagawa tana sauka tare, babu jini, babu jijiya, babu mai ba ta umarnin bugawa. Duk wanda ya ga wannan sai ya yi tasbihi. Amma in aka yi jinkirin kwana ɗaya, ko ƙwayoyin suka cika cunkoso ranar farawa, haka za a gama makon faranti shiru.

Ƙwayoyin insulin sun fi haka wuya. Douglas Melton na jami'ar Harvard, wanda 'ya'yansa biyu ke da ciwon suga nau'i na ɗaya, ya shafe fiye da shekara goma kafin ɗakin bincikensa ya bayyana hanyar a 2014. Matakai shida ne cikin sama da wata guda: a fara da Aktibin don a samu gidan ciki, a bi da FGF, a zuba sinadarin bitamin A tare da toshe Hejhog don su nufi fankiriyas, gaɓar da ke yin insulin, can gaba a rufe Noch don su zama masu fitar da sinadarai. A 2025 aka wallafa sakamakon gwajin irin waɗannan ƙwayoyi a mutane 12, goma daga cikinsu ba sa buƙatar allurar insulin bayan shekara guda. Ci gaba ne babba, sai dai dukkansu suna shan magungunan danne garkuwar jiki, kuma ciwon suga da ya fi yawa a cikinmu nau'i na biyu ne, wanda lissafinsa daban.

Da zarar ƙwaya ta zaɓi hanya, sai ta kulle umarnan da ba ta buƙata da wasu alamomin sinadari a jikin DNA, 'ya'yanta kuma su gaji kullen. Shi ya sa ƙwayoyin asali na baligi ikonsu taƙaitacce ne: na ɓargo jini suke bayarwa, na hanji su sabunta bangon hanji duk bayan 'yan kwanaki. Nan ne nake so ki ɗan gyara abin da kike faɗa wa ɗalibai, domin masu iya zama komai na ɗan tayi ne na kwanakin farko, waɗanda James Thomson ya fara rainon na mutum a 1998. An daɗe ana ganin kullen ba ya buɗuwa, ko da yake John Gurdon ya nuna a kwaɗo tun 1962 cewa umarnan suna nan ba su goge ba. A 2006 Shinya Yamanaka na Japan ya cusa umarnan gado huɗu kacal a ƙwayar fatar ɓera ta koma kamar ta ɗan tayi, a 2007 ya yi da ta mutum, shi da Gurdon suka raba kyautar Nobel a 2012. Wannan ya rage buƙatar taɓa tayi, abin da ke da nauyi a wurinmu. Sai dai irin wannan ƙwaya in aka zuba ta a jiki ba tare da an bi da ita mataki-mataki ba, ƙari take zama, wanda in aka tsaga shi a kan tarar da gashi da guringuntsi, wani lokaci har haƙori, duk a cakuɗe.

Yanzu ki auna garin ledar da wannan. Ƙwaya mai rai sai an ajiye ta a zafin jiki ana canja mata ruwa, ko a daskarar da ita a ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Abin da aka busar aka niƙa, ya kwana a shago cikin zafin bazarar Daura, babu rai a cikinsa. Ki karanta jikin kwalin, da yawansu za ki ga daga tuffa ko inabi aka samo su, ƙwayar tsiro kuwa ba ta da makarɓar EPO balle ta zama jinin mutum. Ko da ta mutum ce mai rai, ruwan ciki zai narkar da ita kamar yadda yake narkar da nama. Lambar hukuma a jikin kayan ƙarin abinci ba shaidar warkarwa ba ce. Har allurar ƙwayoyi masu rai da wasu asibitocin kuɗi ke yi a ƙasashen waje tana da haɗari: a 2017 aka wallafa labarin mata uku a Florida da aka yi wa allurar ƙwayoyin kitsensu a ido, ganinsu ya lalace. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kuɗin da uwa za ta tara da kyar, wani lokaci har da sayar da akuya ko kayan ɗaki, ya tafi a nan, alhali zai sayi maganin wata da watanni.

Sikila kuwa tana cikin cututtuka ƙalilan da ƙwayoyin asali ke warkarwa da gaske. Matsalar harafi ɗaya ce a umarnin yin himogulobin, furotin ɗin da ke ɗaukar oksijin a jan jini, kuma tana cikin ƙwayoyin asali na ɓargon yaron, don haka duk jan ƙwayar da suka haifa da ita take fitowa, ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20 maimakon 120. Dashen ɓargo canja waɗannan ƙwayoyin asali ne gaba ɗaya. A nemi wanda ƙwayoyinsa suka dace, an fi so a samu ɗan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya, kuma kowane ɗan'uwa damar dacewarsa ɗaya cikin huɗu ce. Mai AS ma yana iya bayarwa. A ba yaron magunguna masu ƙarfi su share masa ɓargo don a sami wurin zama. Sannan a saka sababbin ta jijiya kamar ƙarin jini, ba a fasa ƙashi. Da kansu suke samun hanya, suna bin saƙon CXCL12 har su isa ɓargo su lafe, maƙwabta su ci gaba da gaya musu abin yi, bayan mako biyu zuwa huɗu sabon jini ya fara fitowa. A yaran da suka samu ɗan'uwan da ya dace, fiye da tara cikin goma ke warkewa. Amma akwai haɗarin kamuwa da cuta lokacin da garkuwa ta faɗi, da yiwuwar sababbin ƙwayoyin su far wa jikin yaron, da rasa haihuwa, ga tsada. An fara yin sa a Najeriya a asibitin koyarwa na jami'ar Benin a 2011.

Akwai hanya ta biyu, ita ma kunnawa da kashewa ce. Ki tambayi yayarki, za ta ce miki yaron bai fara ciwo ba sai da ya kai wajen wata shida. Jariri da himogulobin na tayi yake zuwa, wanda ba ya lanƙwashe jajayen ƙwayoyi kamar na sikila, sai wani furotin mai suna BCL11A ya rufe shi a hankali, na manya ya karɓi aiki. Maganin Casgevy da Birtaniya da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023 ciro ƙwayoyin asali na mai ciwon ake yi, a raunana BCL11A a cikinsu, a mayar masa. Farashin da aka sa masa a Amurka a 2023 dala miliyan 2.2 ne, don haka ba zancenmu ba ne a yanzu. Wanda ke hannunmu shi ne haidiroksiyuriya, ƙwayar magani da ake samu a nan, wadda ita ma ke ɗaga himogulobin na tayi, ta rage yawan tashin ciwo da yawan ƙarin jini. Ba a sayenta a kyamis a fara sha kai tsaye, don ana auna ta da nauyin yaro, kuma sai ana duba jininsa lokaci-lokaci.

In kun je asibitin da ake ganinsa a Daura, ko aka tura ku wurin likitocin jini a Katsina, ku tambayi ko ya cancanci a fara masa ita, da kuma ko za a yi masa hoton jijiyoyin kai da ake yi wa yara masu sikila daga shekara 2 zuwa 16 don gano haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Ya riƙa kwana cikin gidan sauro, ya sha ruwa sosai musamman da bazara, a rufe masa jiki da hunturu, ya ci gaba da folik asid da maganin kariyar zazzaɓin cizon sauro yadda aka rubuta masa. Duk ranar da jikinsa ya yi zafi, ko da tsakar dare ne, a kai shi asibiti a ranar.